Shekarar da Garinmu Ya Auna Inuwar Wakili

Nana, ke kinka jawo wanga babi, don haka ke za ki fara karanta shi, kuma ki karanta da ƙarhi yadda ubanki Lawali zai ji daga zaure. Ranar sunan ƙanenki, gaban baƙi, ina tsakiyar kokawa da ƙashin rago, kinka zo kinka tsaya mini bisa kai da waya a hannu kinka ce, "Kaka, wai gaskiya ne kai ka ƙone littahin Gwaggo Barira?" Mutum arba'in sunka bar tauna lokaci guda. Na ce miki amarya ba ta tuhumar angonta gaban jama'a, anka yi dariya, kowa ya koma ga namansa. Ni nawa har yau yana nan tsaye ga maƙogwaro. Shekara goma sha wani abu ke nan ana raɗa wagga magana bayan kunnena, 'ya'yan da na haifa da cikina suna cikin masu raɗawa, kuma ba wanda ya taɓa zuwa ya ce, Baba, yaya anka yi? Sai jika. To ku zauna. Zan faɗa sau guda, wanda ya ji haushi ya sha ruwa, randa na nan.

Wanda bai sani ba ya sani. Ni Idi, shekara talatin na yi ina sanƙira ga mai garinmu, wato ni ke buga kuge in zagaye gari in faɗi abin da fada ta ce. In za a yi wa dabbobi allura, ni. In raƙumin wani ya shiga waken wani, ni. Murya gare ni wadda in na yi shela nan, mutanen Hawandawaki sai su aiko a ce sun ji, a rage. Ladan wannan aiki nawa, gona ce guda, ta fada, ƙasa mai kyau cike da gawo, kuma ita ta ci da ku duka har da masu zagina yanzu. Sannan ina da wani hali da ba zan ɓoye ba: duk abin da na gani a fada, in na komo anka aje tuwo, sai na sake yin shi tsakar gida. In yi muryar mai gari, in yi tahiyar liman, in yi Wakili, na hannun daman mai gari. Wakili kam na iya shi har na wuce shi kansa. Dogon mutum ne mai sanyin murya, kahin ya yanka ƙarya sai ya zaro tsinken alimeti, wato ashana, daga hula, ya sosa kunnen hagu, ya duba tsinken kamar amsar na rubuce jikinsa. In na yi wannan sai yara su yi ta birgima, uwarku Hajo ta ce, "Malam, bakin nan naka wata rana zai ja mana." Barira kaɗai ba ta birgima. Ta zauna da ludayi a hannu, ta kahe ni da ido. Na ɗauka yarinyar ba ta gane wasa. Ashe awona take yi.

Shekarar da nake faɗi, Barira na da sha bakwai, tana kwaleji a Tasawa, tana zaune wurin ƙanwata. Ta komo hutun damina da wata 'yar waya mai tsagaggen gilashi, cike da labarun da ake karantawa da murya. Ba na soyayyar Alhaji da mota ba. Na aljanu. Kuma ba aljanun da munka sani ba, masu zama kan tsamiya su jehi mai wucewa. Waɗanga aljanu sarauta gare su, da fada, da galadima, da 'ya'yan sarki masu neman kashe juna. Cikin kwana bakwai 'yan matan unguwa duka sun kamu. Ana maimai a gona, waya na ɗaure bakin zane tana zuba, hauya na tahiya, in anka zo wurin da ya yi zahi sai ka ga hauya shida sun tsaya cak. Rannan na gaji, munka zauna shan hura gindin gawo na ce mata:

"Ke Barira, wai mi ke cikin abin ga? Tun sahe nake ji. Wannan ya sa wa wancan dahi, waccan ta sayar da ƙanwarta, ɗan sarki kyakkyawa kamar an wanke shi da nono amma mugu kamar kunamar bayan randa. Ba mai noma, ba mai kiwo. Yaushe ma suke cin tuwo?"

"Baba, kai da ke fada kullum kake tambaya?"

"Tamu ta mutane ce."

"To shi ya sa. Can in mugu ne an ce mugu ne, ana ganin haƙoransa. Kuma yarinyar da ba kowa ba, wadda ake aike ɗibar ruwa, ita ke zama tana saurare har ta san inda kowa ya ɓoye wuƙarsa. Nan in na ji abu sai a ce in tashi in ba manya wuri. Can mancewa ake da ita, ba a ko kore ta. Daga nan take cinye su."

"Tsoron fa? Jiya ɗiyar Mamman har ihu ta yi."

"Tsoron shi ne daɗin, Baba. Tsoro ne wanda in ya ishe ni in danna nan ya mutu. Na gari kuwa ba shi da wurin dannawa."

Na ce Allah ya shirya, na ƙwace ludayin. Sai ta ce, tana duban ƙasa, ita ma tana rubuta nata. Kaye bakwai, littattahan rubutun nan na 'yan lakwal, wato makarantar boko, cike da rubutun jan bik, alƙalamin biro, ko wane da rigar roba shuɗiya da sunanta a kai.

Bari in gaya muku labarin, tunda yanzu ba inda za ku same shi sai cikin kaina. Wata yarinya ce mai jan ruwa, igiya ta hizge ta ta faɗa tsohuwar rijiya. Ƙarƙashin rijiyar akwai gari, da rana tasa, da fadar aljanu. Dokar garin guda ce: duk wanda ya ci amana, inuwarsa sai ta ragu da taƙi guda. Ba boka, ba rantsuwa, ƙasa ce ke faɗin ko kai wane ne. To saboda haka fadar ba ta zama sai da rana tsaka, lokacin da kowa inuwarsa na ƙarƙashin ƙafarsa, mai amana da maci amana duk ɗaya. Sarkin aljanun na kwance ba lahiya, galadimansa ke juya gari. Yarinyar kuwa an sa ta zuba wa fadawa ruwa, kuma duk dabararta guda ce: yadda za ta ja zaman fada, ta ja shi, ta ja shi, har rana ta karkata zuwa la'asar kowa na zaune. Na rantse muku, ni da na sha faɗin ƙarya a kasuwa bakwai, ban taɓa ƙirƙiro mai kyawun wannan ba. In sun taso daga gona Barira takan karanta wa 'yan mata gindin bedi, itacen dogon yaron da ke kusa da rijiya, wata ta ɗauka da waya, daga waya zuwa waya har abu ya bar gari.

Ni ban san nisan da ya yi ba sai ran kasuwar Urafane. Na tsaya wurin mai shayi, ga ƙattai takwas zaune, masu gemu, har da wani mai raƙuma da ya naɗe huska sai ido, sun yi tsit kamar ana karanta wasiyya. Muryar wa ke hitowa daga wayar mai shayi? Barira. Ɗiyata da ba ta iya ce wa baƙo sannu sai ta ɓoye bayan uwarta. Ana wurin da galadiman aljanu zai yi wa sarki rantsuwa, sai ya zaro ƙashin kihi daga rawani ya sosa kunnen hagu. Da mai hankali ne ni, da na biya shayina na sulale. Amma ni Idi ne. Na miƙe na buga ƙirji na ce, "Wagga ɗiyata ce! Ni na koya mata! Galadiman ga ma na san shi, kullum tare muke zama!" Har na ɗauki tsinke na yi musu shi. Sunka yi dariya har mai raƙuman ya sauke naɗinsa. Ban isa gida ba, maganar ta riga ni. Ku rubuta wannan: ba Barira ta haɗa labarinta da Wakili ba. Bakina ne, a Urafane, kan shayin da ko sukari bai ji ba.

Kuma abin ya zo daidai. Mai garinmu na kwance tun bazara, Wakili ke yanke komi, kuma a wannan damina ya matse burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa tabki, ya ƙara wa surukinsa gona da shi. Kowa ya sani, ba mai iya faɗi. Sai mata sunka samo hanyar faɗi ba da baki ba. In Wakili ya hito daga masallaci da la'asar ya bi ta rijiya, sai su gaishe shi da ladabi, "Barka da la'asar, Wakili," amma idonsu duka na ƙasa, gehen ƙafarsa. Wata tsohuwa har da sunkuyawa ta ɗora karan gero tana awo, wai ɗan kunnenta ne ya faɗi. Mutumin ya rikice. Ya bar bin rijiya. Ya bar hita da hantsi, ya bar hita da la'asar, sai rana tsaka kaɗai ake ganinsa, yana sauri yana zufa. Yo wannan ai shi ya ƙarasa shi! Da ya share, da kwana goma an mance. Sai ga shi da ƙafarsa yana bin littahi shahi bayan shahi.

Ana haka ɗiyar surukin nasa ta faɗi bakin rijiya. Masassarar damina ce, ko makaho ya taɓa goshinta ya sani, kwana uku ta sha magani ta tashi. Amma Wakili ya samu abin da yake nema. Ya aiko in zo, ya sa anka ba mu wuri, ya zaro tsinkensa.

"Sanƙira, kai namu ne."

"Ranka ya daɗe."

"Ni ba don kaina nake magana ba." Ya sosa kunne, ya duba tsinke. Wallahi sai da na ciji harshena. "Ɗiyarka na kiran aljanu bakin rijiyar da gari ke sha. Ga shi sun fara taɓa yara. Jibi da rana tsaka ka kawo takardun nan ƙofar fada, ka buga kuge kowa ya zo, ka sa musu wuta da hannunka."

"Ranka ya daɗe, tatsuniya ce ta yara."

"To in tatsuniya ce mi za ka rasa? In kuwa hannunka ya yi nauyi, kugen ma nauyi gare shi, ka aje a ba mai ƙarhi. Da gonar."

Gero ya yi kai lokacin, zangarniya kamar damtsen ɗan dambe. Na komo gida na faɗi yadda munka yi. Barira na wankin tukunya, ta tsaya da hannu cikin ruwa.

"Baba, babi biyu ya rage. Ka bar ni in gama, in rana ta kai la'asar sai su ƙone."

Hajo kuwa, Allah ya jiƙanta, ko ɗaga kai ba ta yi daga tankaɗe ba.

"Malam, kai musu kugensu."

"Mu ci mi? Mu dafa muryata?"

"Gonar ubana na nan Tchaké, rairayi ce amma tana ba da wake. Ba a taɓa mutuwa don an bar buga ƙarhe ba."

"Ke ba ki san fada ba."

"Na san ka, dai."

Kun ji ko? An ba ni hanya, madaidaiciya, daga bakin matar da ba ta taɓa shiga lakwal ba. Ni kuwa na ce a raina, waɗanga mata ba su san da wa suke zaune ba. Ni da na taɓa sayar wa Bafillace akuyarsa? Zan ci gona, in ci littahi, in bar Wakili da toka.

Lawali, buɗe kunnenka, nan ka shigo. Lokacin ka bar lakwal ka tahi arewa haƙar zinariya, ka bar tsoffin kayenka cikin akwatin ƙarhe. Washegari da sahe da Barira ta tahi rijiya, na ciro bakwai daga ciki, na tuɓe rigunan roba na nata na sa wa naka. Nata na gaskiya na naɗe cikin buhu, na hau rumbu na tura can ƙasa ƙarƙashin sauran dammunan bara. Ban gaya wa Hajo ba, don abin da Hajo ta sani da hantsi rijiya ta san shi da azahar. Ban gaya wa Barira ba, don ina son kukanta ya zama na gaske, Wakili ya gani ya yarda. Kun ga lissahin gwani. Na sa hawayen ɗiyata cikin kayan aiki, kamar alimeti da kalanzir.

Ranar, na buga kuge da kaina, na tara gari da kaina. Rana na tsakiyar kai, ƙasa na ƙuna, Wakili zaune cikin runfa da fadawa. Na zube kaye bakwai, na zuba kalanzir. Da na kunna na ja baya na yi shiru, da yau ba na rubuta wanga babi. Amma taro na gabana, ni kuwa in na ga taro kamar an kunna ni ne. Sai na ji wani daga baya ya ce, "Sanƙira, karanta mana kaɗan mana kahin su tahi!" Na ɗauki guda, na buɗe, na maƙale murya, na langaɓe kai, na yi yadda Barira ke yi in ta zo wurin tsoro, yadda numfashinta ke ɗan sarƙewa ta haɗiye miyau kahin ta ci gaba. Na iya ta, ai. Wa na kasa? "Sai... sai inuwar ta... ta..." na haɗiye miyau da ƙara kamar raƙumi. Gari ya tuntsire. Fadawa na riƙe ciki. Matan nan da ke zama gindin bedi suna roƙonta ƙarin shahi guda, su ma sunka ruhe baki da mayahi kafaɗu na rawa. Wakili da kansa ya yi dariya har tsinkensa ya faɗi. Ni kuwa ina jin daɗi, ina cewa a raina, kun sha, shashashai, lissahin Lawali kuke ƙonewa. Na jefa shi cikin wuta, na ƙara da rawa.

Barira na tsaye gaba, kusa da wutar har ina tsoron zanenta. Kukan da na yi lissahi da shi bai zo ba. Ta dubi takardun suna naɗewa, ta daɗe tana duba. Sannan ta dubi ƙasa, daidai ƙafata. Ta juya ta tahi. Da gari ya waye ina zagayen shela, ta hau motar kasuwa ta koma Tasawa, hutu ma bai ƙare ba.

Za ku ce don mi ban bi ta ba. Na ce a bari ƙura ta kwanta. Na ce waya ba ta da sirri. Anka yi girbi, anka zuba sabon gero bisa buhun har wuyan rumbu, na ce to yanzu sai an ci an sauka. Duk gaskiya ne, kuma duk ƙarya ne. Ainihin abin, so nake in je da su a hannu kamar mai sihiri, in zazzage gabanta, ta yi kuka ta ce, Baba, ba kamarka duk ƙasar Tasawa. Ina tanadin wannan rana kamar yadda ake tanadin ragon layya. Cikin wannan jira mai gari ya rasu. Anka zo zaɓe, masu gida sunka yi layi bayan wanda suke so, layin Wakili bai kai tsawon inuwarsa ba, har surukin nasa sai da ya tsaya yana ɗaure takalmi ya ga inda jama'a ta yi. Ni ma na ɗaure nawa takalmin, kada ku tambaye ni. Sabon mai gari ya buɗe burtali, ya bar mini kuge, ya bar mini gona. Wato da na bi maganar Hajo, wata huɗu kaɗai zan yi ba gona. Wata huɗu!

Da bazara gero ya sauka. Na shiga rumbu da kaina, na ɗaga dammunan ƙarshe, na kama buhun. Sai ya taho mini a hannu kamar tsumma, nauyinsa na ƙasa. Gara. Ta hau ta ƙafar rumbu guda da ban duba ba, ta bar gero damma ɗari, ta zaɓi buhun nan. Kaye bakwai sun koma jar ƙasa, ba abin da ya saura sai 'yan ƙarahunan tsakiya da sunka yi tsatsa, da wani guntu kamar tahin hannun jariri mai rabin kalma uku. Na zauna cikin rumbu na zagi gara, da uwarta, da sarauniyarta, da duk wanda ya taɓa cewa halittar Allah ce a bar ta. Hajo ta leƙo, ta dubi buhun, ta dube ni, ta gane komi ba tare da na ce uffan ba. Ta ce, "Kai da Wakili, shi aƙalla ya san abin da ya yi." Ta sauka ta koma ga dakanta.

Na ɗaure buhun bayan moto, ɗan babur ɗina, na tahi Tasawa. A bakin kasuwa na sayi sabbin kaye bakwai da jan bik. Na isa gidan ƙanwata da la'asar, na tarar da Barira na shanya. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, ta kawo ruwa, ta kawo tabarma, kamar baƙon da ya zo daga Mayahi neman kwatance. Na zazzage ƙasar gabanta, na fara bayani, ina ƙarawa ina ragewa yadda na saba, da rumbu, da riguna, da dabara. Ta bari na kai ƙarshe.

"Na sani, Baba."

"Kin san mi?"

"Ni da jan bik nake rubutu. Wanda ya ci wuta shuɗi ne. Na ga lissahin Yaya Lawali, har da makin da mushe, malamin ajinsu, ya ba shi, sihiri bisa ashirin."

Lawali, ka ji, ko a wuta sihirinka bai ɓoyu ba.

"To in kin sani, don mi kinka tahi? Don mi wata bakwai ko gaisuwa sai ta bakin uwarki?"

"Takardar ta Yaya ce. Muryar fa, ta wa ce?"

Na hau tattara ƙasar garar da hannu, ita kuwa ta ci gaba.

"Wurin da nake haɗiye miyau, ba wanda ya taɓa lura sai kai. Ina jin kunyarsa, ina ɓoye shi. Yanzu in na buɗe baki zan karanta ko a aji ne, sai in ji ka. Wakili bai ce ka yi wannan ba, Baba. Wuta kawai ya ce."

Na tura mata sabbin kayen. Na ce ta sake rubutawa, ai yana cikin kanta, ni zan buga kuge in tara mata gari. Na ce aƙalla ta gaya mini, yarinyar ta kai su la'asar ko ba ta kai ba? Ta tattara kayen, ta daidaita bakinsu, ta ɗaure mini su bayan moto da hannunta, ɗauri mai kyau. Ta ce in gaida Inna, in yi sauri kada rana ta faɗi mini a hanya, rairayin Hawandawaki ba shi da kyau.

Yau Barira ungozoma ce a wata likita, ƙaramin asibiti cikin ƙasar Mayahi, rabin yaran yankin ta hannunta sunka zo duniya. Tana aiko mini da shinkafa da maganin ƙafa, tana zuwa da salla, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ba ta kuma sake rubuta ko layi guda ba. Wayoyin da sunka ɗauki muryarta sun mutu tuntuni, an goge an zuba waƙoƙi. Na bi masu gyaran waya daga Urafane har Tchaké, ba wanda ya aje.

Abin da ke ƙona mini rai, mutanen nan da sunka riƙe ciki ranar, su ne yanzu ke tare ni suna cewa, "Kai Sanƙira, labarin nan na ɗiyarka ya yi daɗi, ka yi mana asara." Na yi muku asara! Ku da kunka yi dariya har da hawaye! Sannan ga 'yan bencin shayi, masu cewa labarun aljanun ga na waya suna lalata 'yan mata, suna koya musu makirci. Makirci? A ina aljanun sunka koya? Ni na zauna fada shekara talatin, na gaya muku ko sarkin aljanu ya zo garinmu sai ya nemi a sa shi aji ɗaya. Yaran nan ba makirci suke nema ciki ba, shi kam suna ganinsa kyauta tun daga zaure. Suna neman wurin da mai ɗibar ruwa ke yin nasara, ko sau guda, ko da ƙarƙashin rijiya ne. Don haka Lawali, na ji ka ce za ka ƙwace wayar Nana don tana sauraren irin waɗanga. Ka taɓa ta ka gani. Ina da sanda, kuma har yanzu na iya muryarka ta ranar da kunama ta harbe ka, zan yi ta ran Juma'a ƙofar masallaci.

A'a. Ba zan yi ba. Kun ga halin, ko? Har cikin rubutu yana biyo ni.

To Nana, ga amsarki. Ban ƙone littahin gwaggonki ba, duk mai cewa haka maƙaryaci ne, ya zo ya same ni. Abin da na yi ya wuce wannan muni, kuma ba wanda ya taɓa tuhumata da shi, don duk tare munka yi dariyar.

Kayen nan bakwai da ta ɗaure mini bayan moto suna cikin gwangwanin ƙarhe, rataye da igiyar waya a tsakiyar ɗakina inda ko kakar gara ba ta isa. Na ciro guda, shi ne wanga da ke hannunki, na ɓata shi da shuɗin bik don jan ba nawa ba ne. Shida sun rage, da bik ɗin, ko ya bushe ban sani ba. In kin gama karanta wa ubanki, ki sauko da gwangwanin ki kai mata Mayahi duka. Kada ki karanta mata da baki, ki miƙa kawai. In ta tambaya ina nake, ki ce kullum da la'asar ina ƙofar gida, ba cikin runfa ba, hili, inda rana ke bugu. Ta zo da karan geronta.